Inci da Milimita a Akwatin Bakanike: Tarihin Sifanar Fulogi daga Kwanar Dangora zuwa Riruwai

Duk wanda ya saba bin hanyar Zariya daga Kano ya san Kwanar Dangora, inda titi ke rabuwa. Ɗaya ya miƙe Zariya, ɗaya ya karkata ya nufi Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore, ya bi ta ƙasar Doguwa har ya faɗa Saminaka, daga nan sai Jos. A bakin wannan hanya, haka ma a Bebeji da Tiga da Kiru, ba ka yin nisa ba ka ga rumfar bakanike ba. Ga babura a jere, ga injin ban ruwa an kwance masa ciki, ga yaro tsugune yana wanke ƙarafa da fetur a gwangwani. Tsaya ka kasa kunne. In aka zo cire fulogi, lamba uku za ka ji suna yawo a bakin mai gareji: sha shida, sha takwas, ashirin da ɗaya. "Kai, miƙo min ashirin da ɗaya." Shi bai ce milimita ba, yaron ma bai tambaya ba.

Amma in ka dace da tsohon bakanike, wanda ya shiga gareji tun ana kashe fam da sule, ka roƙe shi ya zazzage maka ƙasan akwatinsa, kana iya cin karo da wata doguwar soket da ta yi baƙi don tsufa, an buga mata 13/16 a gefe. Fulogin da ashirin da ɗaya ke kwancewa, shi ita ma take kwancewa. Na daɗe ina son in bi sawun yadda aka yi ƙarfe ɗaya ya sami lamba biyu, domin a ganina tarihin wannan yanki na shekara ɗari da 'yan kai yana kwance a cikin akwatunan nan, ba a dai rubuta shi ba ne.

Kafin zuwan Turawa muna da awonmu, kuma ya ishe mu. Mai tufafi yana awo da kamu, mai igiya da gaba, ƙaramin abu a auna shi da taƙi, hatsi kuwa da mudu. Jikin mutum ne ma'auni, shi ya sa kamun wani ya fi na wani, sai a daidaita da ciniki. Maƙeri bai damu ba. In ya ƙera fartanya, ƙotarta kaɗai za ta shiga, ba a bukatar ta dace da wata ƙota a wani gari. Mutanen Riruwai, can ƙarshen ƙasar Kano ta kudu, sun san narka kuza tun kafin Bature ya san akwai ta a duwatsun nan. Suna zuba ta sirara-sirara kamar tsinke, fatake su ɗauka su kai kasuwanni, kuma da ƙirge da ido ake cinikinta.

Da mulkin Ingila ya kafu, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai awon Ingila ya biyo shi. Nisa ya koma mil, yadi ya kori kamu a kanti, gona ta koma eka, mai ya koma galan, gyaɗa da auduga aka riƙa auna su da tan. Kamfanonin haƙar kuza da suka kafa sansani a Riruwai da tsaunukan Jos da laba suke karɓar kuza daga hannun leburori. Sunayen nan sun zauna daram a bakin Bahaushe, har wata unguwa a hanyar Katsina ta ci sunan Mil Tara. Inci kuwa ta cikin ƙarfe ya shigo: bututu, ƙusa, noti, keken Raleigh, da motocin farko da suka fara turbuɗa ƙura a hanyoyin burji.

Sai dai incin ma ba iri ɗaya ba ne a gareji, kuma nan ne kanikawan farko suka sha wuya. A 1841 wani injiniya na Manchester, Joseph Whitworth, ya fito da tsari guda na tsagar da ake murɗa noti a kanta, wadda kanikawa ke kira tiredi. Kafin shi kowace masana'anta da irin nata, notin wannan ba ya hawa ƙarfen wancan. Tsarinsa ya game Ingila da ƙasashen da take mulka. Amma yana da wata ɗabi'a mai rikita baƙo: lambar da aka buga a jikin sifana kaurin sandar ƙarfen take nufi, ba faɗin kan noti ba. Sifanar da aka rubuta wa rabin inci, in ka auna bakinta sai ka ga ya doshi inci guda. A Amurka kuma William Sellers ya kawo nasa tsarin a 1864, da kwanar tsaga mai digiri 60 maimakon 55 na Whitworth. A yaƙin duniya na biyu Ingila da Amurka suna gefe ɗaya, amma notin tankar wannan ba ya shiga ta wancan, gyara a fagen fama ya zama azaba. Bayan yaƙi, a ƙarshen shekarun 1940, Amurka da Ingila da Kanada suka amince da tsari na bai ɗaya, sifanoninsa kuma da faɗin kan noti ake kiransu, ana buga musu AF. Motocin Ingila ba su sauya dare ɗaya ba. Land Rover ta shekarun 1950 da 1960, irin wadda jami'an gona da na daji da ma'aikatan En'e suke shiga ƙauyuka da ita, akan sami Whitworth a wani sashe nata, AF a wani. Bakaniken da ke gyara Bedford ko Austin ko Morris a wancan zamani dole ya tanadi sifanoni jeri biyu, duka kuma sunansu inci.

To ina fulogi a cikin wannan? Shi tun haihuwarsa ɗan milimita ne, ko da yake a gidan inci ya yi wayo.

Faransa ce ta ƙirƙiro awon mita a shekarun 1790, bayan juyin juya halinta, aka kuma ƙulla yarjejeniyar ƙasa da ƙasa a kansa a Paris a 1875. A Paris ɗin ne Étienne Lenoir ya yi injin da tartsatsin lantarki ke kunna wa wuta a 1860. A 1902 kamfanin Robert Bosch na Jamus ya fito da na'urar da ke ba da wuta mai ƙarfi tare da fulogin da ke jure ta, kuma daga nan fulogi ya zama abin dogaro a mota. Da yake Faransa da Jamus ne kan gaba a ƙera injin mota a lokacin, ramin da ake ɗaura fulogi a kan inji da milimita aka yanka shi, milimita 18. Har sunan Champion da ake gani a kwalin fulogi na wani Bafaranshe ne, Albert Champion, ɗan tseren keke da ya ƙaura Amurka ya kama sana'ar. Turawan Ingila, duk da riƙonsu da Whitworth, sun karɓi tiredin fulogi yadda suka same shi. Amurkawa sun ɗan yi tirjiya. Ford Model T tiredin bututun ruwa na rabin inci aka yi mata, Model A kuma 7/8 na inci. Amma a shekarun 1930, da aka fara rage girman fulogi, kusan kowa ya hallara a kan milimita 14. Daga baya aka sami na 12 da na 10 domin ƙananan injuna.

Tiredi ke nan, wato sashen da ke shiga cikin inji. Kafaɗar fulogi mai kusurwa shida, inda sifana ke kamawa, ita sai aka yanka ta daidai da sifanonin da ke hannun kanikawan Amurka da Ingila: 13/16 na inci. Tsawon tiredin ma da inci aka tsayar da shi, gajere rabin inci, dogo uku bisa huɗu. Har gobe in ka duba takardar kamfanin fulogi za ka ga an rubuta tsawo 12.7 ko 19, waɗanda ba komai ba ne illa rabin inci da 3/4 da aka juya zuwa milimita. Ashe direban Bedford da ke dakon gyaɗa daga Kiru zuwa Kano a shekarun 1950 yana ɗauke da awon Faransa a cikin injinsa, shekara ashirin kafin gwamnati ta ce a koma masa, bai sani ba.

Irin wannan auren gauraye ba a fulogi kaɗai ya tsaya ba. Kamfanin Morris ya sayi masana'antar injuna ta Hotchkiss, wani kamfanin Faransa da ke da reshe a Coventry, a 1923. Na'urorin da ya gada tiredin milimita suke yankawa, kanikawan Ingila kuwa sifanar Whitworth ce a hannunsu. Sai aka riƙa ƙera ƙarafa masu jikin Faransa da kan Ingila, aka kuma yi shekaru masu yawa a haka. Na kawo wannan ne don a gane cewa masu ƙera inji ba sa zubar da abin da ke aiki saboda an sauya doka. Abin da ya riga ya bazu a hannun mutane, da shi suke lissafi.

Canji ya zo wa Nijeriya a jere, cikin shekara uku zuwa huɗu, a mulkin Janar Yakubu Gowon. Ranar 2 ga Afrilu 1972 aka koma tuƙi ta hannun dama. Ranar 1 ga Janairu 1973 naira da kobo suka maye gurbin fam da sule. A 1974 aka yi dokar awo da ta tabbatar da mita da lita da kilo. Allunan hanya suka koma kilomita, gidajen mai suka koma lita, 'yan makaranta suka huta da haddar inci goma sha biyu ƙafa ɗaya, ƙafa uku yadi ɗaya. Ingila kanta ta riga ta shelanta komawa awon mita tun 1965.

Shekarun nan su ne kuma shekarun da kudancin Kano ya sauya kama. Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe jihar daga 1967 zuwa 1975, ya sa aka gina madatsar Bagauda, sannan aka tare Kogin Kano a Tiga tsakanin 1971 da 1974, tafkin da ke ɗaukar ruwa kusan mita-kubik biliyan 2. Manyan katafilolin da suka yi aikin na dizal ne, injin dizal kuwa ba shi da fulogin wuta, matsi ne ke kunna shi. Amma aikin ya tara direbobi da masu walda da kanikawa a ƙasar Bebeji, ga motocin jami'ai, ga janareto, ga hanyoyin da aka buɗe. Yaran da suka riƙe wa waɗannan kanikawa sifana, da yawansu su ne suka zama iyayen gidan gareji a garuruwan yankin daga baya.

Doka ita kaɗai da ba ta canza akwatin bakanike ba. Mota ce ta canza shi. A 1975 masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci, ta Volkswagen kuma a Legas. Fijo, kamar yadda kowa ke kiranta, ta mamaye tasha: 404 a-kori-kura tana dakon masara da shinkafa, 504 doguwa tana jigilar Kano zuwa Jos ta cikin Falgore. Ga Datsun da Toyota, ga baburan Japan, Honda da Yamaha da Suzuki, da malaman firamare da malaman gona suka samu da bashin abin hawa. Waɗannan duka milimita ne daga sama har ƙasa. Yaron da ya shiga gareji a 1980 da lamba goma, sha biyu, sha uku, sha huɗu, sha bakwai, sha tara ya buɗe ido. Sifanonin Whitworth suka gangara ƙasan akwati, wasu aka sayar wa 'yan gwangwan, wasu aka goge musu baki da zarto don su kama notin zamani. Guda ɗaya ce daga tsofaffin ba ta rasa aiki ba, ita ce soket ɗin fulogi mai 13/16, domin kafaɗar fulogin 404 da 504 daidai take da ta fulogin Land Rover.

Baburan Japan su suka shigo da sauran lambobin biyu. Kamfanin NGK na Nagoya, wanda aka kafa a 1936, yana fara lambar fuloginsa da harafin da ke gaya maka girmansa. Mai farawa da B, irin su BP6ES, tiredinsa 14 ne, kafaɗarsa kuma ta ashirin da ɗaya. Mai farawa da C, kamar C7HSA na ƙaramar Honda da 'ya'yanta na Sin da muke kira roba-roba, tiredi 10 ne, kafaɗa 16. Mai farawa da D, kamar D8EA na injin CG125 da duk baburan da aka kwaikwaya daga gare shi, tiredi 12 ne, kafaɗa 18. Harafin da ke biye da lamba kuma tsawon tiredi yake nufi, H gajere, E dogo. Wannan ɗan ilimi bai fi a rubuta shi a bayan kwalin ashana ba, amma ban taɓa ganin an rubuta shi da Hausa an manna a rumfar mai kayan gyara ba, kuma abin yana damuna. Yaro sai ya shekara yana ɗaura fulogi kafin ya gane cewa rubutun da ke jikinsa magana yake yi.

Abin da ya kai fulogi har cikin gona shi ne injin ban ruwa. Da can mai lambu a fadama da jigo yake ɗebo ruwa, guga ɗaya bayan ɗaya, abin da ƙarfinsa ya iya shi ne iyakar gonarsa. A shekarun 1980 hukumar raya aikin gona ta jihar Kano, KNARDA, da tallafin Bankin Duniya, ta yaɗa ƙananan injunan fetur da rijiyoyin burtsatse marasa zurfi, shirin Fadama na ƙasa ya ɗora a kai daga farkon shekarun 1990. Honda ta fito da injunanta samfurin GX a 1983, masana'antun Sin suka kwaikwaye su suka cika kasuwa da su a farashin da talaka zai iya. Yau a bakin tafkin Tiga, da gefen rafukan Kiru, da fadamun Tudun Wada inda shinkafa ta zama abin alfahari, ƙarar injin nan ita ce sautin rani. Fuloginsa BPR6ES ne, ko F7TC na Sin, kafaɗa ashirin da ɗaya, tazarar bakinsa tsakanin 0.7 da 0.8 na milimita. A cikin kwalinsa akan sako wata sifana ta bututu da ɗan sandan murɗawa. Manomi ya koyi cire fulogi da kansa, ya kankare baƙin hayaƙi, ya jingina shi da jikin inji ya ja igiya ya ga ko akwai wuta. In ka tambaye shi girman injinsa kuwa, cewa zai yi inci biyu ne ko inci uku, domin da faɗin bakin tiyo ake kiransa. Fetur ɗin da zai zuba, a galan zai saya wurin 'yan bumburutu, galan ɗin da lita huɗu yake ci, alhali na Ingila na asali ya ɗara lita huɗu da rabi.

Yanzu bari mu yi lissafin, domin a nan amsar tambayar take. Tun 1959 aka tsayar da cewa inci ɗaya milimita 25.4 ne cif. Saboda haka 13/16 ya kama 20.6. Takardun kamfanoni wasu su rubuta 20.6, wasu 20.8, 'yan kasuwa su ce 21, duk kafaɗa ɗaya ake nufi. Tsakanin 5/8 da 16 bambancin ya fi ƙanƙanta, domin 5/8 milimita 15.9 ne, ratar ba ta kai kaurin takarda biyu ba. Haka 3/4 da 19, wanda ake samu a gajeren fulogin injin yankan katako da injin feshi na goyo: 19.05 ne da 19. A waɗannan uku, ko wacce ka ɗauka, ta inci ko ta milimita, za ta yi aiki, muddin soket ɗin mai kyau ce ba ta buɗe baki ba. Wanda ya ce maka dole sai ka sayi duka biyun, kuɗinka yake so.

Sha takwas ce ba ta da 'yar'uwa a gidan inci. Wadda ke ƙasa da ita, 11/16, milimita 17.5 ce, ba ta shiga. Wadda ke sama, 3/4, ta fi ta da kimanin milimita guda, tana shiga amma tana rawa. Na ga abin da wannan rawa ke jawowa da idona. Wata shekara da kaka muna kan babur ni da yayana, mun baro Tudun Wada za mu Doguwa, injin ya fara shaƙewa kafin mu shiga daji. Muka tura shi zuwa wata rumfa a bakin hanya. Mai garejin ya tafi masallaci, sai yaronsa. Ya laluba akwati bai ga sha takwas ba, ya ɗauko wata tsohuwar soket, ya gwada ta zauna, ya sa ƙarfi. Soket ta zame ta karkace, muka ji ƙas, farin tangaran ɗin fulogi ya tsage, kusurwoyin kafaɗar suka murje. Da dattijon ya dawo ya karɓi soket ɗin ya juya ta, ya nuna wa yaron lambar da ke gefe.

"Wannan ta Ingila ce, ɗana. Uku bisa huɗu. Tun ina yaro take nan. Ba ta sha takwas ba ce."

Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, na ga ta shiga ne."

"Shiga daban, kamawa daban. In ka sa ta ka ji tana motsi kafin ka murɗa, cire ta."

Ya juyo wurin yayana ya ce, "Malam, a yi haƙuri, kuɗin fulogin nan a kaina yake." Da dabara da haƙuri ya fitar da guntun, amma sai da la'asar ta yi sanyi, kuma ba mai son ratsa Falgore da duhu, dole muka kwana. Ban ga laifin yaron sosai ba. Ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa cewa lamba mai layi a tsakiya daga wani tsarin awo take, lamba zalla daga wani.

Ita soket ɗin fulogi ma ba kamar sauran take ba. Doguwa ce don ta haɗiye tangaran ɗin gaba ɗaya, a cikinta akwai roba ko maganaɗisu da ke riƙe fulogi ya tsaya a miƙe, ya kuma biyo ta in an zaro. Mai kusurwa shida ta fi kama kafaɗa da kyau. Araha ta sa kasuwa ta cika da na bututun da aka matse bakinsa, masu kai biyu, 16 da 18 ko 18 da 21. Suna aiki, amma ƙarfensu taushi gare shi, bayan 'yan watanni bakin ya buɗe, sha takwas ta koma sha tara ba tare da lambar jikinta ta canza ba. Robar ciki kuma in ta faɗi ba mai nemanta. Da yawa daga fulogin da ake cewa na jabu ne sun mutu da wuri, tsagewar da ido ba ya gani ce ta kashe su tun ranar ɗauri, wuta ta riƙa zurarewa ta gefe.

Ɓarnar da ta fi wannan tsada ba a kafaɗa take ba, a tiredi take. Fulogi ƙarfe ne mai tauri, kan injin babur da na ban ruwa kuwa alminiyam ne mai laushi. In aka fara ɗaura fulogi da sifana ya hau a karkace, tiredin inji ne zai cinye, ba na fulogi ba. Shi ya sa tsofaffin kanikawa ke cewa a fara da yatsu har sai ya zauna, sannan a sa sifana. Sabon fulogi mai tiredi 14 rabin zagaye ko ɗan fiye yake so bayan ya zauna, don washar da ke wuyansa ta matse. Wanda aka taɓa ɗaurawa kuwa ɗan taɓi kaɗan ya ishe shi. Ƙaramin nan mai tiredi 10 bai kai rabin ƙarfin da babban ke ɗauka ba, mai ƙarfin hannu yana iya tsinke shi a ciki. Sannan ga tsawo. BP7HS da BP7ES kafaɗarsu ɗaya, kaurinsu ɗaya, soket ɗaya ke ɗaura su, amma ɗaya rabin inci ne ɗaya uku bisa huɗu. Sa dogo a gurbin gajere, sai ya leƙa cikin inji, fistin yana iya dukansa, ko hayaƙi ya daskare a tiredin da ya leƙa ya hana shi fita. Sa gajere a gurbin dogo, wutar ta ɓuya a cikin rami, inji ya riƙa tari. Manomin da wannan ta same shi a tsakiyar rani, tumatir na fure, sai ya kwance kan inji ya nufi Kano, ko a yi masa sabon tiredi ko ya sayi wani kan a Ƙofar Ruwa, gonar kuma tana jiran ruwa.

Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 sabuwar mota ta gagari yawancin mutane, sai na hannu daga Turai ta tashar Kwatano, daga baya har daga Amurka. Injunan suka zo da bawul huɗu a kowace silinda, fulogi ya koma tsakiya, can ƙasan wani rami mai zurfi da ƙunci. Kafaɗar 21 ba ta da wuri a nan, sai aka rage ta zuwa 16 ko da tiredin na nan a 14. Motocin baya-bayan nan, wasu Toyota da Nissan, sun sake sauka zuwa kafaɗa 14 da tiredi 12, wasu na Turai kuma, cikinsu har da Peugeot, kafaɗar tasu kusurwa goma sha biyu gare ta, ba ta karɓar soket sai irin tata mai siririn bango. Nan tsohuwar rigimar ta sake ɗagowa, domin wasu injunan Ford na Amurka 9/16 suke amfani da ita, wato milimita 14.3. Soket 14 ba ta hawa kafaɗar 9/16, ita kuma 9/16 tana rawa a kan 14, a cikin ramin da ba ka ganin abin da ke faruwa. Bakaniken Kwanar Dangora da motar matafiyi ta mace masa a gaba yakan kai soket wurin mai walda a goge mata baya har ta shiga ramin. Dabara ce mai fitar da mutum kunya, amma bangon da aka sirance yana iya tsagewa a ciki.

Ko soket ɗin da aka ƙera jiya a Sin, aka buga mata 16 ko 21, juya bayanta ka duba ramin nan mai kusurwa huɗu inda hannun murɗawa ke shiga. Rubu'in inci ne, ko 3/8, ko rabin inci, a duk duniya, har a Faransa da Jamus. Tayar motar ma haka: in an rubuta 195/65 R15, faɗinta milimita 195 ne, ƙarfen da take hawa kuwa inci 15.

Tun da aka janye tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023, manoman rani da yawa suka sauya wa injunansu kaburato suka koma tukunyar gas. Injin gas yana nan da fuloginsa, sifana ashirin da ɗaya na nan a aljihun manomi. Masu hali kuma sun fara kafa faifan sola a bakin rijiya, da famfon da ba shi da fistin balle fulogi, ba igiyar ja, ba hayaƙi. Na tsaya a kan wani a gefen Tiga, ruwa na bulbulowa shiru. Faifan da wat ake lissafa shi, zurfin rijiyar da mita. Na tambayi mai gonar girman famfon, ya ce min inci biyu ne.